Tabarmar da ba a naɗewa sai kowa ya tashi

Kwana uku na yi ina fama da wani ɗan modul, wato guntun manhaja, da na rubuta wa kanel ɗin Linux, zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, mai riƙe jerin na'urorin da aka jona. Zai yi awa huɗu ko biyar lafiya lau, sai injin ya sandare. A dare na uku, wajen ƙarfe biyu, na ga laifin da idona: ina cire abu daga jeri da list_del_rcu(), nan take in bi shi da kfree(), mai share shi daga ma'ajiyar kwamfuta. Layi biyu kacal, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya.

A tsarin RCU (Read-Copy-Update), dabarar karanta bayani ana tsakiyar gyara shi, wanda Paul McKenney ya fi kowa yi wa hidima tun shigarsa Linux a 2002, mai karatu, wato duk aikin da ke duba jerin, ba ya sa kwaɗo ya kulle shi. Ya kira rcu_read_lock(), ya shiga abinsa. Mai gyara kuwa sai ya yi kwafi, ya gyara, ya juya manuni, abin da ke nuna inda bayanin yake, zuwa sabon. Kamar ka shimfiɗa sabuwar tabarma ne a zaure: duk wanda ya shigo yanzu a kanta zai zauna, amma tsohuwar akwai mutane zaune a kai. Ni fizge ta nake yi daga ƙarƙashinsu.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda kanel ke sanin an tashi. A tsarinsa na asali ba ya ƙirga masu karatu, ba ya tambayar sunan kowa. Jira kawai yake kowace furosesa, ƙwaƙwalwar da ke gudanar da ayyuka, ta ratsa wani yanayi da ba zai yiwu tana tsakiyar karatu ba: ta sauya aiki, ta zauna hutu, ko ta koma kan manhajar mai amfani. Da ta ƙarshe ta ratsa, wa'adin jira ya cika. Yawanci ko ƙiftawar ido bai kai ba. In kuma wata ta maƙale, bayan daƙiƙa 21 kanel zai fara kai ƙara a rubuce.

Na sa call_rcu(), wato na bar wa kanel sallahu ya share abin in wa'adi ya cika. Injin ya kwana da rai. Washegari na sauke modul ɗin, ya sake faɗuwa, domin sallahun na jiran layinsa, umarnin da zai kira kuma ya tafi tare da modul. Sai da na sa rcu_barrier() a wurin fita, ya tsaya har saƙon ƙarshe ya isa, sannan aka sauka lafiya.