Abin da aikin lab a kan adinosin ya koya min

Wato duk wanda ya taɓa cin goro ko ya sha kofi don ya kori barci, to ya toshe ƙofofin adinosin na ƙwaƙwalwarsa ne bai ma sani ba, aikin kafeyin kenan. Adinosin wani sinadari ne da jiki ke yi, ƙofofin kuma su ne wuraren da yake zama a jikin ƙwayoyin halitta don ya isar da saƙonsa. Ƙofofin guda huɗu ne, A1, A2A, A2B da A3, ni a kan A2A na yi aikin mastas ɗina.

Abin da ya sa masu binciken ciwon daji (kansa) suka matsa wa A2A shi ne ƙari yana tara adinosin jingim a kewayensa, ƙwayoyin da suka mutu suna zubo ATP (sinadarin makamashin ƙwayoyin jiki) sai wasu furotin biyu, CD39 da CD73, su farfasa shi ya koma adinosin, shi kuma ya je ya zauna kan A2A ɗin sojojin jiki, ƙwayoyin T, sai su yi laƙwas ga abokin gaba a gabansu amma sun kasa taɓuka komai. Tun 2006 masu bincike su Ohta da Sitkovsky suka nuna haka a jikin ɓeraye.

To akwai wani sinadari da na shafe watanni ina gwadawa, kullum sakamako zam-zam, yana toshe ƙofar da ɗan mitsitsin awo. Ranar da na kai wa malamina ya daɗe yana kallon takardar, sai ya ce min "nawa ka zuba na adinosin?" Na faɗa masa. Ya ce wannan ai awon jikin mai lafiya ne, je ka ninka shi sosai ka kuma zuba ruwan jinin mutum a ciki ka dawo. Wallahi da na maimaita kusan babu abin da ya rage, furotin ɗin jini ya riƙe yawancin maganin, ɗan guntun da ya tsira kuma adinosin ya fi shi yawa ya ture shi daga bakin ƙofar. Ranar ko abinci ban iya ci ba.

Daga baya ne na gane matsalar ta fi ƙarfin lab ɗinmu. Da yawa cikin magungunan farko masu toshe A2A don cutar Fakinsin (mai sa karkarwar jiki) aka ƙera su, irin istradefylline da Japan ta amince da shi a 2013 Amurka sai 2019, su an yi su ne su shiga ƙwaƙwalwa, alhali a ciwon daji kana buƙatar awo mai yawa wanda ba ka so ya je can. Ga kuma wani irinsu, tozadenant, da aka dakatar a 2017 bayan wasu marasa lafiya sun rasu saboda fararen ƙwayoyin jininsu sun zube, wannan har yanzu in na tuna sai jikina ya yi sanyi, mutane ne da suka yarda suka shiga gwaji.

Yanzu duk sinadarin da ya shigo hannuna gwajin mai wahalar nake fara masa tun satin farko. Hankalina ma ya fara komawa kan A2B, don a 2011 an nuna tana da hannu wajen lanƙwashewar jajayen ƙwayoyin jini a sikila, kuma ina da ƙanwa mai sikila.