Hayaƙin salansa a tsofaffin mashina

Garejina rumfar kwano ce a Jega, ni da yaran da ke koyon aiki. Abin da ya fi shigo mana kullum Boxer ne da Jincheng, amma abin da aka san ni da shi shi ne tsofaffin mashinan da wasu garejin ba sa son taɓawa: Honda CG125 ta Japan, Roadmaster, Yamaha YB100, da Vespa ta dattawa. Masu irin waɗannan ba sa rabuwa da su, kuma kusan duk kukansu ɗaya ne, hayaƙi da shan baƙin mai.

Mutum zai faka tun bai sauka ba ya ce, "Maigida, mashin ɗin ga shina shan mai, a sa mishi ringi." Ni kuwa ba na kwance ko noti ɗaya sai na ga hayaƙin da idona. Ringi, wato zoben da ke jikin fistin, yana cikin masu laifi, amma ba shi kaɗai ba ne, kuma buɗe injin da ya shekara arba'in ba tare da dalili ba jawo wa mai shi asara ne. Kayan Japan na asali da ke ciki ba za ka sake samun irinsu a kasuwa ba.

Na farko dai launi. Baƙin hayaƙi mai warin fetur ba shan baƙin mai ba ne, fetur ne ya yi wa iska yawa: ko cok ya maƙale, ko soson iska ya toshe, ko kafireta tana ambaliya. Farin da ke fita da asubar hunturu ya ɓace bayan minti biyu tururi ne kawai, kuma tunda waɗannan injuna iska ke sanyaya su, babu lagireto balle a ce ruwa ya shiga. Wanda muke nema shi ne mai shuɗi-shuɗi, mai ƙauri, wanda ke tsayawa a iska ya ƙi watsewa. Wannan baƙin mai ne ke ƙonewa tare da fetur.

Daga nan sai tambayar da ta fi muhimmanci: yaushe yake fita? Shi ya sa nake roƙon mai mashin ya bar shi ya kwana. Idan da safe aka buga kik ya turnuƙe, bayan ɗan lokaci ya washe, to mai ne ya sulalo ta jikin bawul cikin dare ya taru a kan fistin. Robar bawul ta bushe ke nan, ko ramin da bawul ke kai-komo a ciki ya buɗe. Wannan aikin tof ne kawai, wato kan injin inda bawul suke, ba ruwan bulo inda fistin ke kai-komo. Sai in sa yaro ya hau, ni in bi shi a baya a wani mashin. Idan hayaƙin na zuwa ne lokacin da ya saki totur yana gangara, sannan ya feso da zarar ya sake murɗawa, nan ma bawul ne, domin rufe totur na sa injin ya zuƙo mai daga sama. Amma idan duk lokacin da ya ba shi wuta ko ya ɗauki hawa hayaƙin ke ƙaruwa, to zancen ya koma kan ringi da bulo.

Fulogi ma yana faɗar gaskiya. Mai launin ƙasa-ƙasa lafiya lau ne. Baƙi busasshe mai gari-gari fetur ne ya yi yawa. Baƙi jiƙaƙƙe mai maiƙo, wanda ka goga a yatsa ya yi santsi, shi ne shaidar mai. Bayan haka mukan ɗaura agogon auna matsi a ramin fulogi, a buɗe totur gaba ɗaya a yi ta buga kik. Idan ya nuna ƙasa, sai in zuba baƙin mai cokali ɗaya ta ramin in sake aunawa. Ya haura sosai, ringi ne, domin man ya toshe giɓin na ɗan lokaci. Bai motsa ba, iskar ta bawul take tserewa ko ta gaskit.

Kafin duk wannan akwai abubuwan da ba sa cin kwabo. CG125 abin da take ɗauka bai wuce lita ɗaya ba, amma sai ka tarar an ɗura mata har wuya wai don a ji tausayinta. Man da ya yi yawa dole ya nemi hanyar fita. Wani kuma ba ya rufe makunnin fetur da dare, allurar kafireta tana yoyo, fetur ya gangara ya tsinka baƙin man. Ka zaro gejin ka sansana za ka ji. Akwai kuma ɗan tiyon da injin ke numfashi ta cikinsa, wanda laka ko gidan zanzaro ke toshewa idan mashin ya daɗe a ajiye a zaure. Na sha warware hayaƙi da tsinken waya kawai.

Abin da ke kashe injuna a ƙasarmu kuwa ƙura ce. Kamfanin Honda ya fito da CG125 a 1975 musamman don ƙasashen da ba a cika kula da juyen mai ba, ya sa mata soson iska da ake wankewa a mayar. Duk da haka mutanenmu sai su cire soson su yar, wai mashin ya fi jan wuta. Ka bi hanyar fadama da kayan shinkafa ko albasa a watan Janairu ba soso, ƙurar nan ta haɗu da mai ta zama kamar sanfefa, tana cin ringi da bulo a hankali. Ga zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40, ga man kwalba na bakin titi da ba wanda ya san asalinsa. Ni 20W-50 na cikin galan mai hatimi nake zuba wa tsohon inji, ko mai shi ya yi ƙorafin tsada.

Yamaha YB100 da Vespa lissafinsu daban. Su dama an ƙera su ne su ƙona mai tare da fetur, don haka ɗan hayaƙi a wurinsu ba ciwo ba ne, rashinsa ne ma abin tsoro. Vespa da ake haɗa wa mai a fetur da hannu kashi 2 cikin 100 take so, amma dattawa kan ninka. Yamaha tana da famfon da ke auna mata, idan saitinsa ya goce sai ta yi ta turare. Abin da nake dubawa a nan shi ne man giya. Idan yana raguwa ba ɗigo a ƙasa, ga hayaƙi mai kauri da wari daban, to sil ɗin karanshaf na gefen kuloci ya mutu, injin na shan man giya. Sabon ringi ba zai yi masa komai ba.

Idan ta tabbata ringi ne, ba na sa sabo a bulon da ya riga ya ci. Ina sa farce a saman ramin, in na ji tudu ko na ga zane, sai a kai wurin masu yanka a faɗaɗa shi da milimita 0.25 ko 0.50, a nemo fistin daidai da shi. Wajen ɗaurawa, bakin ringin ba sa kallon wuri ɗaya, a rarraba su, kuma gefen da ke da alama shi ke kallon sama. Yarana sun san wannan ne abin da nake sake dubawa da kaina kafin a rufe.

Mukan kuma wanke salansa ko mu gasa ta, domin tsohon man da ya taru a ciki zai ci gaba da hayaƙi bayan an gama aiki, mai mashin ya dawo da faɗa. Sai in ce masa, "Baba, a bi shi a hankali, ban da lodi ban da gudu, in ya yi kilomita 500 a dawo mu juye mai mu sake saita bawul."