Darussan da na koya a motar rakiyar 'yan tseren keke

Duk wanda ya ga hoton tseren keke na ƙetare Amurka, mutum ɗaya yake gani: mahayi a duƙe bisa kekensa, hanya ta miƙe a gabansa har inda ido ya tsaya. Hoton ba ya nuna motar da ke biye da shi, balle mutanen cikinta, waɗanda suka ajiye ayyukansu suka zo ba don a biya su ko sisi ba. A cikin irin waɗannan na yi aikin sa-kai, tare da wata tawagar mahaya huɗu da suka shiga tseren don tara kuɗin samar da ruwa mai tsabta ga ƙauyukan da ba su da shi. Ban taka feda ko sau ɗaya ba. Nawa shi ne tuƙi, da cika goruna, da rubuta lokaci a littafi.

Sunan tseren Race Across America, a taƙaice RAAM. An fara shi a 1982 da mutum huɗu kacal, daga Santa Monica zuwa New York, kuma Lon Haldeman ne ya lashe shi cikin kwana 9 da awa 20. A yanzu ana tashi ne a watan Yuni daga Oceanside a bakin tekun Kalifoniya, a ratsa ƙasar zuwa gaɓar gabas, tafiyar kusan kilomita 4,800. An daɗe ana ƙarewa a birnin Annapolis. Bambancinsa da sauran manyan tserukan keke shi ne agogo ba ya tsayawa. Babu cewa dare ya yi, a kwanta sai gobe. In ka kwanta, lokacinka ne ke tafiya. Mai tsere shi kaɗai yana da kwana 12, tawaga kuma kwana 9. Christoph Strasser ɗan ƙasar Ostiriya, wanda ya ci tseren sau shida, ya gama shi a 2014 cikin kwana 7 da awa 15 da minti 56. Kuma ba a rufe wa kowa hanya. Tirela na wucewa, motocin mutane na wucewa, danja ta ba da ja dole mahayi ya tsaya kamar kowa.

Wannan na ƙarshe shi ne asalin aikinmu. Da dare ya yi, dokar tsere ta ce mota ta biyo mahayi dab da dab, yana tafiya cikin hasken fitilunta, a rufinta akwai fitilu masu walƙiya, a bayanta akwai alamar gargaɗi ga masu zuwa. Wato motar ce garkuwarsa. Ka ɗauki awa bayan awa kana tuƙi da gudun keke, idonka a kan 'yar jar fitilar da ke ƙarƙashin sirdi, ƙafarka a shirye kusa da birki, domin in ya faɗi, kai ne abu na farko da zai taka shi. Ban san wani tuƙi da ya kai wannan jawo barci ba, ban kuma san wanda gyangyaɗi a cikinsa ya kai wannan haɗari ba. An yi asarar rayukan mahaya a tseren a 2003 da 2005, duka a kan hanya, kuma babu ɗan rakiyar da ba a tuna masa wannan kafin a tashi.

A nan na gane cewa barci ma aiki ne da ake ba mutum, kuma ƙin yin sa sakaci ne. Sabon ɗan sa-kai yakan zo da zumuɗi. Lokacin hutunsa ya yi, sai ya ce a'a, shi ƙalau yake, bari ya taya wanke goruna, bari ya ga yadda za a hau dutse. Kowa ya yaba masa. Bayan kwana biyu shi ne zai juya taswira ya sa a bi hanyar da ba ita ba, ko ya bar takalmin mahayi a gidan mai. Wani bincike da aka yi a Ostireliya a 1997 ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 idonsa biyu, hankalinsa kan ragu kamar na mai giya maki 0.05 cikin ɗari a jininsa, in ya kai awa 24 kuwa kamar 0.10, wanda ya haura abin da dokar tuƙi ta yarda da shi a Amurka. Shugabar tawagarmu, wata dattijuwa da ta sha yin wannan aiki, ba ta jayayya a kan wannan. In lokacinka ya yi, za ta karɓi makulli daga hannunka ta ce, "Je ka kwanta, ba shawara nake ba ka ba." Da farko abin ya yi mini kama da tsanani. Daga baya na lura duk wanda ta kora ya kwanta, shi ne ake dogara da shi in an shiga tsakar dare.

Kafin na je, na ɗauka abin da ke kayar da tawaga shi ne faci, ko tsinkewar sarƙa, ko ciwon gwiwa. Waɗannan duk suna da magani a cikin mota: tayoyi a shirye, keke na biyu a rataye, makanike a zaune. Abin da ba shi da kayan gyara shi ne zaman mutum goma sha wani abu a cikin motoci, a matse, babu wanka yadda ya kamata, babu barcin kirki. Wajen tsakiyar ƙasa, a filayen Kansas inda babu abin kallo sai gonaki da iska mai turo keke baya, nan ake fara jin muryoyi na tashi. Faɗan kuwa ba a kan wani abin a zo a gani ba ne. Wa ya cinye abin da na ajiye, wa ya bar tanki babu mai, me ya sa kullum motarku ce ke makara. Dabarar da na ga ta yi aiki ba ta da wani armashi: kowane aiki a rubuta sunan mai shi a manna a jikin mota. In aka ce "wani ya sayo ƙanƙara", to ba za a sayo ba. In aka rubuta suna, za a sayo, in kuma ba a sayo ba an san wanda za a tambaya ba tare da an zargi kowa da kowa ba.

Akwai wata 'yar ƙa'ida da ta burge ni. Ana ratsa yankunan lokaci huɗu kafin a kai gabas, amma tseren agogo ɗaya yake bi, na gabashin ƙasar. Don haka kowace mota tana da agogon da ba a taɓawa, an manna shi a gaban direba. Wayarka za ta canza lokaci da kanta in an tsallake iyaka, wannan kuwa ba ruwansa. Da shi ake sanar da isowa kowane zango, kuma zangunan sun haura 50.

Mahayanmu karɓa-karɓa suke yi, biyu na aiki biyu na hutawa, kuma masu aikin suna musanya duk bayan kamar minti 20 zuwa 30. Ma'ana mota ta wuce gaba, ta sami wurin da za ta kauce daga kwalta gaba ɗaya, a sauke keke, a tsayar da mahayi, na baya ya iso tayarsa ta kai ta wannan, sannan a ɗora nasa keken a sake wucewa. Haka dare da rana, ɗaruruwan lokuta. In ɗan rakiya ya yi kuskure, misali ya yi fakin inda bai dace ba ko ya fito da dare babu riga mai ƙyalli, alƙalan tsere ba shi suke ci tara ba, mahayi ake ƙara wa lokaci. Mutum ya sha wahalar hawa Wolf Creek a Kolorado, mashigar dutse mai tsayin sama da mita 3,300, sannan minti-mintin da ya samo da guminsa su salwanta saboda wani ya yi gaggawar buɗe ƙofa.

Sai batun ruwa, wanda a kansa aka zo. Kwanan farko ma ba ya ƙarewa sai an gangara daga duwatsun Kalifoniya zuwa hamada, inda zafi ke haura maki 40, ya bi ku har cikin Arizona. Mahayi ba ya sanin ƙishinsa daidai, musamman in ya gaji. Mu ke ƙirga masa: gora nawa ya sha, yaushe ya yi fitsari, wane launi ne. Kuma ruwa zalla ba ya isa, domin wanda ke zubar da gumi yana ɗura ruwa babu gishiri, gishirin jininsa kan yi ƙasa har ya rikice ko ya suma. Rubutun nan ba shi da daɗin yi, amma shi ke nuna matsala tun ba ta girma ba. Masu rakiyar mai tsere shi kaɗai sun fi mu shan wuya, don su har wuyansa suke sa wa ido. Akwai lalurar da tsokar wuya ke sakewa gaba ɗaya mutum ya kasa ɗaga kai, wadda ta sami Michael Shermer a tseren 1983 har ta fitar da shi.

Ina cikin ɗaukar jarkoki daga shago zuwa mota na fara jin nauyin abin da muke tara wa kuɗi a kafaɗata. Jarka mai lita 20 kilo 20 ce. Ni taku kaɗan nake yi da ita. Asusun UNICEF ya ƙiyasta a 2016 cewa mata da 'yan mata a duniya suna kashe awa miliyan 200 kowace rana wajen ɗebo ruwa. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF na 2022 sun ce mutum biliyan 2.2 ba su da ingantaccen ruwan sha a inda suke zaune, miliyan 703 daga cikinsu ko mafi ƙarancin matakin ba su samu ba, wato tsabtataccen wurin ɗiba da za a je a dawo cikin minti 30. Ga shi kuwa tun 2010 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince cewa ruwa mai tsabta haƙƙin ɗan Adam ne.

A wani gidan mai, wani dattijo ya karanta rubutun jikin motarmu, ya dubi kekuna da motoci da yawanmu, ya tambaya: kuɗin da kuka kashe a wannan tafiya, da kun aika kai tsaye ba zai haƙa rijiyoyi ba? Tambayar tana kan hanya, kuma ina ganin duk tawagar da ta ji haushinta akwai abin da take ɓoyewa. Kuɗin shiga tsere, hayar motoci, mai, abinci, tikitin jirgi, ba ƙananan kuɗi ba ne. Amsar da muke da ita ita ce asusu biyu muka buɗe. Mahaya da kamfanonin da suka ɗauki nauyinsu su ke biyan kuɗin tafiya, gudummawar jama'a kuwa ba a taɓa ta ko don sayen ƙanƙara. Ba mu muka ƙirƙiro tsarin ba. Ƙungiyar charity: water da aka kafa a New York a 2006 da shi ta yi suna: wasu masu hannu da shuni daban ke biyan albashi da hayar ofis, abin da jama'a suka bayar ya tafi aikin ruwa. Amma raba asusu yana nufin wani ya zauna da jakar rasit yana liƙa su ɗaya bayan ɗaya, a cikin mota mai tafiya, ƙarfe uku na dare. A ganina tseren da bai tara abin da ya ninka kuɗin yin sa ba, yawon buɗe ido ne, gara a kira shi da sunansa.

Abin da ya fi zauna mini shi ne wanda na gano bayan an gama. Makanikenmu kullum yana goge sarƙa yana sa mata mai tun ba ta yi ƙara ba, yana duba birki tun bai ci ba, kuma babu wanda ya taɓa ɗaukar sa hoto yana yi. Famfon tuƙa-tuƙa ma haka yake so, kuma nan ne kuɗin agaji ya fi yin ƙaranci. Ranar buɗe rijiyar burtsatse ana taro, a ɗauki hoto, a aika wa masu gudummawa. Shekara biyu ko uku bayan nan robar cikin famfon ta cinye, babu mai gyara a kusa, babu shagon da ke sayar da ita, mutane su koma rafi. Bincike daban-daban a ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun sha nuna cewa a kowane lokaci, tsakanin ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin uku na irin waɗannan famfuna ba sa aiki. Ba sabuwar matsala ba ce. Saboda ita aka ƙera famfon Afridev a shekarun 1980, wanda ake iya zaro sandunansa a canza robar ba tare da an ciro bututu ba, saɓanin famfon India Mark II da ke buƙatar ƙwararru da kayan aiki masu nauyi. Duk da haka sauƙin gyara ba ya gyara komai in babu wanda aka rubuta sunansa a kan aikin, kuma babu 'yan kuɗin da aka tanada.

Shi ya sa da muka zauna bayan tsere, mun wanke motoci mun mayar wa masu haya, 'yan rakiya ne suka fi matsawa a tambayi ƙungiyar da za ta karɓi kuɗin abubuwa uku: wa zai riƙa gyara, ina zai samo kayan, kuma wa zai koma ya duba bayan shekara. Muka kuma nemi a ware wani kaso don horar da masu gyara daga cikin mutanen ƙauyukan, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan ya rage yawan sababbin rijiyoyin da za mu iya sanarwa. Wasu daga cikin masu gudummawa ba su ji daɗi ba, don sun fi son jin adadi mai yawa, har ɗaya ya ce shi rijiya ya ba da kuɗi a haƙa, ba bita ba. Shugabarmu ta rubuta masa doguwar wasiƙa ta bayani, ta haɗa da lissafin asusun biyu. Bai janye kuɗinsa ba, amma bai sake bayarwa a shekarar da ta biyo ba.