Abin da nake dubawa kafin a saki dawaki

Yawan zuwa filin sukuwa na Kano ya sa na daina yarda da kyan fatar doki, domin na sha ganin akawal, wato baƙin doki, mai sheƙi ya ɗauki hankalin jama'a, amma kafin kwanar ƙarshe numfashinsa ya ƙare. Abin da nake fara tambaya shi ne nisan da dokin ya saba gudu, saboda wanda ya yi fice a mita 1,200 ba lallai ne ya jure mita 2,400 ba, ko da mahayinsa gwani ne. Ina kuma son sanin ko ya huta tun tserensa na baya, da kuma ko a mota aka kawo shi daga nesa, domin doguwar tsayuwa a bayan mota tana sandarar da ƙafa.

A wani tsere da na halarta, wani dattijo mai kula da barga ya ce mini, "Ɗana, dubi wuyan kilin nan." Kumfar gumi ta riga ta taru a inda linzami yake gogar wuyan farin dokin tun ba a tsayar da dawakin a layi ba, kuma yana ta fizgar kai. Dokin ya ja gaba da farko, sannan wata goɗiya da mahayinta ya riƙe har kwanar ƙarshe ta wuce shi cikin sauƙi.

Ba na sa kuɗi a kan doki, domin caca ce, kuma ina ganin tana ɓata wa mutum idon da zai kalli dabbar da shi.