Hancin barewa da iskar kwari a Wiskonsin

Duk wanda ya ji ina zuwa farautar barewa a jihar Wiskonsin ta Amurka, tambayarsa ta farko ita ce wace irin bindiga nake riƙewa. Tambayar tana sosa mini rai yanzu, domin a kanta na ƙarar da kuɗina da hankalina. Mai cin harsashin .30-06 ce, da madubin saiti mai tsada, na daidaita ta a yadi 100 har harsasai suna faɗawa kusan rami ɗaya. Duk wannan bai tsinana mini komai ba ranar da namijin barewa mafi girma da na taɓa gani ya tsaya a ƙasana, ya shaƙi iska, ya yi gaba.

Kwana 9 kacal ake yi a babbar farautar masu bindiga ta jihar, daga Asabar ta ƙarshe kafin bikin godiyar Amurkawa a watan Nuwamba. Mutum fiye da rabin miliyan ke shiga daji, kowa da riga mai ɗaukar ido, galibi ruwan lemu, don doka ta wajabta ta saboda kada maharbi ya harbi ɗan'uwansa. Rigar ce ta fara damuna. Dattijon da ya ba ni izinin farauta a gonarsa ya ce in kwantar da hankali, idon barewa ba ya rarrabe ja da ruwan lemu sosai, shuɗi ta fi gani, sai kuma motsi. "Hancinta za ka ji wa tsoro," in ji shi.

Gonar tana kudu maso yammacin jihar, ƙasar tuddai da kwaruruka masu zurfi. Barewar can, mai farar jela, takan kwana tana kiwo a gonakin masarar da aka girbe a ƙasan kwari, da asuba ta hau tudu ta shige sarƙaƙiya ta kwanta. Na bi sawu da kashi, na ga inda namiji ya goge ɓawon ƙananan itatuwa da ƙaho, na ɗaure ɗan dandamalin dako a jikin wata bishiya a saman hanyar tasu. Hasashen yanayi a waya ya ce iska daga yamma za ta kaɗa, watau za ta kwashe warina ta yi gefe da shi. Lissafi ya cika.

Abin da waya ba ta faɗa shi ne, kafin rana ta fito a irin wannan ƙasa, idan gari ya yi tsit, iska mai sanyi tana da nauyi, gangarawa take yi daga tudu zuwa kwari. Sai rana ta ɗumama gangaren sannan ta juya ta riƙa hawa. Ni kuwa ina zaune a sama, barewa tana tahowa daga ƙasa. Tun da na hau bishiyar warina yake malala kai tsaye zuwa hanyarta, alhali ko ganye ɗaya ba ya motsi da zai nuna mini.

Doka ta ba da damar harbi daga minti 30 kafin fitowar rana. Lokacin bai daɗe da shiga ba na ji takun ƙafa a kan busassun ganyen da sanyi ya daskarar. Ƙahon na fara gani ta tsakanin rassa, faffaɗa, ya wuce kunnuwansa. Bai kai nisan da na saita bindigar ba, amma kututturen wata bishiya ya tare ƙirjinsa, kuma ba a harbin abin da ba a ga maƙasarsa ba. Taku biyu ko uku nake nema. Na ɗora bindiga a kafaɗa, yatsa na gefen kunama. Sai ya tsaya cak. Ya ɗaga kai, ya lashi hanci, ya buga ƙafar gaba a ƙasa, ya yi wani huci mai ƙarfi, ya ɗaga farar jelar nan ya koma inda ya fito. Ko sau ɗaya bai dubi bishiyata ba. Hucin nan gargaɗi ne ga 'yan'uwansa, har azahar ban ƙara ganin komai ba.

Da na koma gidan gona, dattijon ya kama hannun rigata ya sansana, ya tambaye ni me na shafa. Ban shafa komai ba. Rigar ta kwana a rataye a ɗaki, kuma uwargida ba ta wasa da turaren wuta. Hancina ya saba, ba na ji. Tun daga nan kayan farauta a waje suke kwana, cikin jaka a ɗaure. Amma kada wani ya ɗauka turaren ne ya kore shi. Ana sayar da sabulai da feshe-feshe da tufafi na musamman wai don ɓoye wari, kuma na ga masu amfani da su barewa na guje musu daidai yadda ta guje mini. Muddin mutum yana numfashi, yana zufa, iska kuma ta bi ta kansa ta isa gare ta, zance ya ƙare.

Dattijon yana yawo da 'yar kwalbar roba cike da farar hoda, ya matsa ta ya ga inda za ta bi. Ni toka na ɗiba daga murhunsa na ƙulle a ƙyalle. Washegari da duhun asuba na tsaya gindin bishiyar nan, na girgiza ƙyallen a hasken tocila. Tokar ta tsaya jim, sannan ta zarce ƙasa a hankali, ta bi hanyar barewa sak. Waya kuwa har lokacin cewa take iska daga yamma. Takaicin da na ji a wurin ya fi na jiya, don abin da ya raba ni da wannan namiji toka ce ta kyauta ta nuna mini shi.

Na sauya wuri, na koma can gefe ƙasa da hanyar, inda warina zai gangara cikin wani rafi da ba sa bi. Kafin kwanakin su ƙare na samu mace, da takardar izininta a aljihu. Na yi bismilla, na auna bayan kafaɗa, na daure na jira rabin awa kafin in bi jini, na same ta ba nisa rai ya riga ya fita. Na yi mata rajista a wurin hukuma, na kai kanta gwajin wata cuta mai ramar da barewa da aka fara ganowa a jihar a 2002, ba mu taɓa naman ba sai da sakamako ya fito lafiya. Iyali sun ji daɗi, ni ma na gode wa Allah.

Amma namijin nan bai bar zuciyata ba. Yanzu wuri biyu nake shiryawa a kowane gangare, ɗaya na kafin rana ta fito, ɗaya na bayan ta ɗumama ƙasa, kuma idan toka ta juya ina tsakiyar dako, saukowa nake yi in canza, ko da na hango sabon sawu a gabana. Dattijon ya ce ya ƙara ganin namijin a gonar masara bayan an rufe farauta, da ƙahonsa cikakke.