Teburin da hunturu ya tsaga

Ni ma'aikaci ne, ƙarfe huɗu nake tashi daga ofis. Kafinta kuwa ranar Asabar da Lahadi nake yi, a 'yar rumfar da na kafa a bayan gidanmu a Tudun Wada. Abin ya faro ne ranar da ƙafar kujerar tsakar gida ta Hajiyarmu ta karye. Na ari zarto da guduma na gyara, ta zauna a kai ta sa mini albarka. Tun ranar hannuna bai rabu da katako ba.

Babban aikina na farko teburin cin abinci ne. A watan Agusta, ruwa na tsaka da zuba, na shiga 'Yan Katako a Sabon Gari na zaɓo maɗaci mai kaurin inci 2, ja wur, ga nauyi kamar dutse. Nauyin nan ya burge ni, na ɗauka ƙarko ne, ashe ruwa ne cike da shi. Sati shida ina yanka, ina gogewa da sandifefa, na sa gam, na buga ƙusa, na shafe da banish. Duk wanda ya shigo falo sai ya shafa shi. Da hunturu ya kankama a Disamba, wani dare muka ji "tas!" Gari na wayewa na tarar da tsaga tun daga baki har tsakiya, ɗan yatsana na shigewa ciki. Ranar ko karyawa ban iya yi ba.

Na ɗauki guntun da ya rage na kai wa wani dattijon kafinta kusa da Ƙofar Doka. Ya ƙwanƙwasa, ya ɗora a kuncinsa, ya ce, "Malam, ɗanye ka saya. Katako da damina yake sha, da hunturu ya fitar. Kai kuma ka ɗaure shi da ƙusa ta ko'ina, ina zai motsa?"

Na ce, "To Baba, yaya ake yi?"

Sai ya ja ni bayan shago. Falankai ne jere a inuwa, an ɗora su kan bulo saboda gara da danshi, tsakanin kowanne da na samansa an gitta 'yan sanduna don iska ta ratsa. Bakunansu duk an shafe da fenti, domin ta baki katako ke saurin bushewa, ta nan kuma tsaga ke farawa. Akwai waɗanda suka haura shekara a wurin. Yanzu haka nake yi: in saya bayan damina, in bar shi ya ci hunturu da bazara. Saman tebur kuma da sukuru nake kama shi ta ƙasa, in ɗan faɗaɗa hujin don ya samu wurin motsi.

Kayan kicin sun fi shiga raina. Turmi da akushi na bar wa masassaƙa da gizagonsu, wannan gado ne. Ni nawa muciya ne da cokali da katakon yanka albasa. Abin da zai taɓa abinci ba na sa masa banish, man kaɗe nake narkawa da kakin zuma in murza da tsumma. Man gyaɗa idan ya daɗe wari yake yi.

Muciyar farko da na kai wa uwargida, ta tuƙa tuwon masara sau ɗaya ta miƙo mini. "Baban Ummi, mariƙin ya yi kauri, ga gefen yana cin hannu." Na koma rumfa na rage shi da sandifefa, ina zuwa tana gwadawa, har sau uku. Ita ce a tukunyarmu har yau, kanta ya yi santsi, mariƙin ya yi duhu daidai inda take riƙewa.