Shekara uku ina farautar kwanan wata

Aikin farko da aka danƙa mini a gidan rediyo ba wanda ake rububinsa ba ne. Minti biyar ne a tsakiyar shirin safe: in lalubo wani faifai ko wani lamari na tarihin waƙa da ya faru a rana mai kamar ta yau, in rubuta 'yan layuka, mai gabatarwa ya karanta, a saki waƙa ɗaya, a wuce labarin wasanni. Gaskiya da raini na karɓe shi. A tunanina aikin duba kalanda ne, wanda kowa zai iya yi yana kishingiɗe da waya a hannu. Shekara uku na yi a kansa, daga 2017 zuwa 2020, kuma ban rufe wata biyu ba sai da na gane abin da ake nufi da raina kama ka ga gayya.

Faifan ƙungiyar mawaƙan Birtaniya ta Beatles ne ya fara kunyata ni, wato Sgt. Pepper's Lonely Hearts Club Band, wanda ke cika shekara 50 a lokacin. Na tsara komai don ranar 1 ga Yuni, domin ita na gani a rubuce a wurare da yawa. Ranar 26 ga Mayu da sassafe, babban mai tsara shirye-shiryenmu, dattijon da kowa ke ce wa Malam, ya leƙa takardata ya ga na saka wani abu dabam. Ya ce, "Kai yaro, ina Sajan ɗin? Yau ne fa." Na ce, "Malam, ai saura kwana shida." Bai ja da ni ba, ya dai ce in sake dubawa kafin lokacin shiri ya yi. Da na duba sai na tarar ni da shi duk muna da gaskiya, har ma da wani mai gaskiyar na uku. Ranar 1 ga Yunin 1967 aka tsayar a hukumance, amma kamfanin ya yi gaggawar kai faifan shagunan Birtaniya tun 26 ga Mayu, a Amurka kuwa sai 2 ga Yuni ya fito. Faifai ɗaya, ranar haihuwa uku.

Dalilin ba wani boyayye ba ne, ni ne dai ban taɓa tsayawa na yi tunaninsa ba. Mun saba da zamanin da waƙa ke sauka a wayar kowa a lokaci guda. Faifai kuwa kaya ne: a buga shi a masana'anta, a zura a kwali, a loda a mota ko jirgi, kowace ƙasa da kamfanin da ke rarraba mata. Hatta ranar mako ba ɗaya ba ce. An daɗe Amurka na sakin sababbin faya-fayai ranar Talata, Birtaniya kuma Litinin, sai a watan Yulin 2015 aka daidaita a kan Juma'a. Wani lokacin ma shekarar ce ke rabuwa gida biyu, kamar Zombie na Fela Kuti, da ya fito a Najeriya a 1976, a Birtaniya kuma 1977. Daga ranar na daina rubuta "ya fito ran kaza" tsurarsa. Sai na ƙara da inda ya fito.

Wannan ƙaramin gyara ne. Babban ya zo ne a watan Agustan 2019, lokacin da Kind of Blue na Miles Davis, Ba'amurke mai busa ƙaho a kiɗan jazz, ke cika shekara 60. Zuwa lokacin na ƙware a harkar, ko in ce na ƙware a yaudarar kaina. Na jero bayanai tsaf: an ɗauki sautinsa a zama biyu kacal, 2 ga Maris da 22 ga Afrilun 1959, a wata tsohuwar majami'a da kamfanin Columbia ya mayar ɗakin ɗaukar sauti a birnin New York, ya fito 17 ga Agusta. Na ambaci mai busa John Coltrane da mai piyano Bill Evans, na ce mai kiɗan ganga Jimmy Cobb ne kaɗai ya rage a raye cikin waɗanda suka yi aikin. Malam ya karanta, ya gyaɗa kai, sannan ya ce, "Ka saurare shi?" Na ce na ji farkonsa. "Minti nawa?" Na yi shiru. Bai kai minti biyu ba, shi ma ina cikin amsa saƙo.

Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ɗakin adana faya-fayai ya ja ni, ya zaro tsohon faifan daga kwalinsa yana riƙe da gefunansa da tafin hannu, ya goge ƙurar, ya ɗora allura, ya miƙo hannu ya karɓe wayata, ya fita ya ja ƙofa. Minti biyar na farko na yi su ne ina mutsu-mutsu a kujera. Babu mai rera komai, busa ce da piyano da ganga, su ma kamar ba sa son a ji su. Can sai kunnena ya fara rarrabe masu busan: wannan yana furta abu kaɗan ya bar fili, wancan yana kwararo sauti kamar an ɓalle famfo. Na karanta a baya cewa Davis bai ba su cikakken rubutaccen kiɗa ba, ɗan zane kawai ya ba su ya ce su bi, amma sai a ɗakin nan na ji abin da hakan ke nufi, mutane suna sauraron juna suna laluben hanya. Da kiɗa na uku ya ƙare, allurar ta shiga ƙas-ƙas a tsakiyar faifan, na zauna ina jiran na huɗu kamar wawa. Sai da na tashi na juya shi da hannuna.

Wannan tashin da juyawar su suka fahimtar da ni mene ne albam. Kafin 1948, faifan garmaho mai juyi 78 a minti bai wuce ya ɗauki minti uku zuwa biyar a kowane gefe ba. In kiɗa ya yi tsawo sai a raba shi a faya-fayai da yawa, a jera su cikin wani littafi mai aljihuna irin na adana hotuna, daga nan ma sunan ya samo asali. A 1948 Columbia ya fito da faifai mai juyi 33 da sulusi, wanda kowane gefe ke cin minti ashirin da 'yan kai. Wannan iyakar ce ta tilasta wa mawaƙa tunanin me zai buɗe gefe, me zai rufe shi, wane hali za a bar mai sauraro a ciki kafin ya tashi ya juya. Mu kuma a shirinmu waƙa ɗaya muke tsinkowa daga tsakiya mu ce mun yi bikin albam. Kamar ka yago shafi ɗaya daga littafi ne ka ce ka karrama marubucin.

Akwai wani abin dariya da Malam ya gaya mini bayan na fito. Na'urar da ta naɗi gefen farko na faifan a 1959 tana ɗan jan ƙafa, don haka in an kunna shi sai kiɗan ya ɗan fi yadda aka buga shi sauri da tsini. Ba a gyara ba sai a bugun 1992. Shekara talatin da uku ke nan mutane suna ƙaunar kuskure, masu koyon busa suna bin faifan suna mamakin me ya sa kayansu ba sa daidaita da shi. Ni ma kuskuren na saurara a ranar, kuma har yau shi kunnena ya fi so.

Akwai wata jimla da na mayar tamkar sa hannuna: "Yana fitowa duniya ta girgiza." Jan biron Malam ya sha cin ta. Sau da yawa ba ta girgiza ba. Faifan farko na ƙungiyar Velvet Underground, na 1967, wanda yau ake rantsuwa da shi, a lamba ta 171 ya tsaya a jadawalin cinikin faya-fayai na mujallar Billboard. Berry Gordy, mai kamfanin Motown, da farko ƙin sakin waƙar What's Going On ta Marvin Gaye ya yi, ga shi Gaye ya ɗauko maganar yaƙin Biyetnam, inda ƙanensa Frankie ya yi aikin soja, da talauci da gurɓatar muhalli, abubuwan da kamfanin bai saba sayarwa ba. Gaye ya kafe cewa ba zai sake naɗar komai ba sai an sake ta. Albam ɗin ya fito ranar 21 ga Mayun 1971. A jerin faya-fayai 500 da mujallar Rolling Stone ta fitar a 2003, shi ne na shida, Sgt. Pepper na ɗaya. A jerin 2020 na Gaye ne ya hau kan gaba. Ko sauti ɗaya bai canza a cikinsa ba, masu zaɓen ne suka canza, zamanin ma ya canza. Matsalar shirin tunawa ita ce yana ba da labari daga ƙarshe, sai ka ga kamar tun ran gini kowa ya ga zanen.

Na kuma ɗan jima kafin in tambayi kaina wa ke shirya bikin. Duk lokacin da adadin shekarun wani faifai ya ƙare da sifili ko biyar, sai bayanan kamfanoni su yi ta shigowa, an tsara su tsaf, saura kawai ka kwafa. Na taɓa kwafa kuwa. Na saka wa Thriller na Michael Jackson adadin cinikin da ya haura miliyan 100 saboda haka na gani a wata takarda, alhali mafi yawan masu lissafi a wajen miliyan 70 suke tsayawa. Shi ma wannan ba ƙaramin adadi ba ne, to me ya kai ni ƙarin gishiri? Lalaci. Abin da ya ƙarasa buɗe mini ido shi ne labarin wani kundin Bob Dylan da aka fitar a Turai a ƙarshen 2012 da sunan cika shekara 50, kwafi kusan ɗari kacal. Tarayyar Turai ta tsawaita haƙƙin mallakar sautin da aka naɗa daga shekara 50 zuwa 70, amma abin da ba a taɓa fitarwa ba cikin shekara hamsin ɗin farko zai kuɓuce wa mai shi. Don haka aka fitar da naɗe-naɗen 1962 kafin shekara ta ƙare. Ba su ma ɓoye ba, a jikin kundin an rubuta cewa na tsawaita haƙƙin mallaka ne. Ban ga laifinsu ba, kasuwa suke. Sabon haɗin sautin Sgt. Pepper da mai haɗa sauti Giles Martin ya yi a 2017 ma ya yi mini daɗi ƙwarai. Amma ni ba ma'aikacinsu ba ne, kuma na daɗe ina yi musu talla kyauta ban sani ba.

Abin da ya fi damuna, wanda kuma ban iya magance shi ba har na bar aikin, shi ne waɗanda kalandar ba ta san da su ba. Sai mai takarda ke da ranar haihuwa. A 2023 an yi ta bikin cikar hip hop shekara 50, an tsayar da 11 ga Agustan 1973, ranar da DJ Kool Herc ya yi kiɗa a wani shagali da ƙanwarsa Cindy Campbell ta shirya a gini mai lamba 1520 a titin Sedgwick da ke unguwar Bronx ta birnin New York. Kowa ya san salon kiɗa ba ya faɗowa daga sama a dare ɗaya. Amma akwai katin gayyata da aka rubuta da hannu, da kwanan wata a jiki, sai ya zama abin kamawa. Dubban mawaƙa a duniya kuwa a kaset aka san su, wanda ake kwafa daga hannu zuwa hannu, babu shekara a jiki balle rana. Ni da ke buƙatar rana kowace safiya, ina ji ina gani na riƙa komawa ga kamfanonin Landan da na Amurka, don su ne suka ajiye rajista.

A shekarata ta ƙarshe na daina jiran sifili da biyar. Ranar 3 ga Yunin 2020 na saka Exodus na Bob Marley, yana cika shekara 43, adadin da babu kamfanin da zai buga wa kwali. Na roƙi a ƙara mini minti uku, aka ba ni. Na faɗi yadda 'yan bindiga suka kutsa gidansa a Kingston ranar 3 ga Disambar 1976 suka harbe shi a hannu da ƙirji, suka raunata matarsa Rita da manajansa, yadda ya hau dandamali bayan kwana biyu, sannan ya bar Jamaika ya naɗi faifan a Landan. Na ce gefen farko na gwagwarmaya ne da addini, na biyu kuma ya fi karkata ga ƙauna da kwantar da hankali, muka saki waƙa ɗaya daga kowane gefe. Wannan karon na saurare shi sau uku kafin in rubuta kalma ɗaya.

Bayan shirin aka ce ana nemana a waya. Wata dattijuwa ce. Ta ce, "Ɗana, shirinka ya yi kyau, amma ka yi kuskuren shekara. A 1984 ya fito." Na ce, "Mama, 1977 ne, na duba wuri uku." Ta ce ita ba ta san wuraren da na duba ba. Ta dai san shekarar da yayanta ya shigo da kaset ɗin gida, ya yi ta juya shi har zaren ya tsinke, suka liƙe shi da jan farce, kuma daidai wurin ɗinkin waƙar takan yi ɗan tsalle. Yayan ya rasu da daɗewa. Ta ce da muka saki waƙar ɗazu, ta jira tsallen bai zo ba.

Malam na tsaye a bakin ƙofa yana ji. Na ajiye wayar na kalle shi, bai ce komai ba. Na buɗe littafin da nake jera ranaku, a gefen 3 ga Yunin 1977 na rubuta 1984 da fensir.